Iskar da ba ta da wari: gaskiya da ƙarya game da haidurojin

Da an ambaci haidurojin, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai bam ne, ko wata masana'anta can a Turai wadda ba ruwan mutumin Gatawa da ita. Alhali kuwa iskar nan kullum tana fita a cikin garin, da rana tsaka: a shagon cajin waya, a ɗakin da aka jera batiran sola, a gindin bishiyar da bakanike ke kwance mota. A ƙasar Sabon Birni da Isa wutar gwamnati ba abar dogaro ba ce. Farantin sola a kan kwano da batir a ƙasa, su ke riƙe da waya da fanka da firjin mai sayar da ruwan sanyi. Kuma duk batir mai ruwa, idan ya cika aka ci gaba da ɗura masa caji, haidurojin yake fitarwa. Maganganun da ke yawo a kanta, daga teburin mai shayi har saƙon murya na WhatsApp, wasu gaskiya ne, wasu an yi musu ƙari, wasu kuwa ba su da tushe ko kaɗan. Abin takaici, marasa tushen ne aka fi tsorata da su.

A fara sallamar maganar bam, don ba ta da tsawo. Bam ɗin haidurojin da Amurka ta fara gwadawa a 1952 a wani tsibiri na tekun Pasifik makamin nukiliya ne. Sai an tayar da wani bam na nukiliya a cikinsa kafin a samu zafin da zai sa ƙwayoyin zarra su haɗe. In ban da suna, ba abin da ya gama shi da iskar batir. Ita wannan ci da wuta kawai take yi, kuma ko ta fashe ba ta barin wata guba ta nukiliya a wurin.

Maganar da ta fi wannan haɗari ita ce ta masu cewa, “Ai in da gas a ɗaki za ka ji warinsa.” Wannan gaskiya ce a kan gas ɗin girki, kuma ko shi ɗin ba warinsa ba ne na asali. Wani sinadari mai ɗoyi ake zuba masa da gangan tun daga kamfani, domin hanci ya kama yoyo kafin ashana ta kama shi. Haidurojin da ke fita daga batir ba wanda ya zuba mata komai. Ba wari, ba launi, ba ɗanɗano. Mutum zai iya tsayawa a ɗakin da ta taru yana hira, hancinsa bai ce masa komai ba.

Halinta ma ya saɓa da na gas ɗin girki ta wata fuskar. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata da rami da ƙarƙashin gado. Haidurojin kuwa babu iskar da ta kai ta rashin nauyi a duniya; iskar da muke shaƙa ta ninka ta nauyi wajen sau 14. Saboda haka sama take yi. A fili wannan alheri ne, don kafin ka ce kwabo ta tashi ta watse. A ɗaki mai silin, ko kwantenar da aka mayar shago, abin ya juya: ƙarƙashin rufi take taruwa, daidai inda ƙwan lantarki yake, daidai inda wayoyin da aka ƙulla aka naɗe da leda suka ratsa. Mai shago ya bar ƙofa a buɗe yana ganin ya gama, alhali tsakanin saman ƙofa da rufi akwai fili da iska ba ta ratsawa. Kafar da ɗakin batir yake bukata a can sama take, a wuri mafi tsawo na ɗakin, da wata a ƙasa da sabuwar iska za ta shigo. Tsohon ɗakin kwano mara silin, wanda ake raina shi saboda ƙura na shiga ta bakin kwano, ya fi ɗakin zamani mai silin da gilashi aminci a wannan fanni.

Sai batun saurin kamawa, kuma a nan masu tsoro sun yi gaskiya. Gas ɗin girki ba ya kamawa sai yawansa a cikin iska ya kasance tsakanin kashi 2 zuwa kusan 10 cikin 100. In ya gaza haka ko ya zarce, wuta ba ta ci. Haidurojin tana kamawa daga kashi 4 har zuwa kashi 75. Tartsatsin da take bukata kuma bai fi kashi ɗaya cikin goma na wanda tururin fetur ke bukata ba. Duk wanda ya taɓa cire rigar leda a daren hunturu ya ji ƙas-ƙas, ya ga ɗan haske a duhu, to ya ga tartsatsin da ya isa. Busasshiyar iskar Disamba da Janairu a ƙasar Gobir ita ce ta fi haifar da irinsa.

Yanzu ga batir, wanda shi ne ainihin abin da ya shafe mu. Magana biyu ake ji masu karo da juna. Wasu na cewa batirin sola in ya fashe sai ya tashi da gida. Wasu kuma, musamman masu shagon caji da suka shekara suna kwana kusa da shi lafiya, cewa suke, “Na mota shi ka hwashewa, na sola ba ya komi.” Dukansu akwai gyara.

Batir mai bolt 12 ɗaki shida ne a ciki, kowanne da farantan dalma a cikin ruwa mai asid. Muddin bai cika ba, wutar da ke shiga aikin cika shi take yi. Da ya cika, wadda ta ci gaba da shigowa ba ta da sauran aiki, sai ta koma tana raba ruwan gida biyu, haidurojin da oksijin. Wannan ne ƙarar ɓul-ɓul da ake ji a ce batir na tafasa. Shi ne kuma dalilin da ruwansa ke raguwa har a je a sayo ruwan batir a ƙara. Galibin ruwan da ya ɓace ba zubewa ya yi ba, iska ya zama ya fice ta hudar murfi.

Ana iya lissafa yawanta. Batir guda mai bolt 12 da ya riga ya cika, in aka ci gaba da tura masa wuta amfiya 10, a awa ɗaya zai fitar da haidurojin kimanin lita 25. Ɗaki mai faɗin mita 3 da tsawon mita 3 da tsayin mita 3 yana ɗaukar iska lita 27,000. Kafin haidurojin ta kai kashi 4 cikin 100 na wannan, sai ta haura lita 1,000, wato sama da awa 40 ana tafasa batirin ba tsayawa, a ɗakin da ko kafar allura babu. Rana ma ba ta kwana a sama. Don haka batir ɗaya a ɗaki mai ƙofa da taga ba zai tashi da gidan kowa ba, kuma wanda ya ce zai yi ya yi ƙari.

Amma a canza lissafin. A ce shagon caji ne na ƙarfe, mita 2 ta kowace fuska, an jera batir 8, an kulle an tafi masallaci da kasuwa. Iskar shagon lita 8,000 ce, kashi 4 nata lita 320, batiran kuma in duk suna tafasa a wancan ma'auni suna zubo lita 200 a awa. Ba a kai awa biyu ba an shiga haɗari, kuma saman shagon zai riga ƙasansa kaiwa. Mafi muni shi ne akwatin katako ko na ƙarfe da ake ƙera wa batir saboda ɓarayi ko yara, a rufe ruf, a sa kwaɗo, wani lokaci ma har da inbata a ciki. Akwatin da sararinsa bai wuce lita 100 ba, minti goma ya ishe shi. Shi ya sa injiniyoyin da ke tsara ɗakin batir ba sa jiran kashi 4. So suke kada ta wuce kashi 1.

Abin da ke kai batir ga wannan tafasa sananne ne ga duk mai haɗa sola: a jona faranti kai tsaye da batir ba tare da na'urar daidaita caji ba, don a rage kuɗi, ko a sa mai araha wadda ba ta yanke wuta in batir ya cika. Tun hantsi ya cika, daga nan har la'asar tafasa yake. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, abin ya fi tsanani, domin batir mai zafi ya fi saurin fitar da iska. A ganina kuɗin wannan na'ura shi ne kuɗin da bai kamata a yi ciniki a kansa ba a duk kayan sola, tunda ko ba don wuta ba, batirin da ake tafasawa kullum ba ya kai rabin kwanansa.

Inda masu cewa “ba ya komi” suka fi kuskure shi ne cikin batirin kansa. Ɗan sararin da ke tsakanin ruwa da murfi, a batirin da ake caji ko aka gama yi masa caji yanzu, cike yake da haidurojin haɗe da oksijin ɗinta. Ba ta jiran iskar waje. A tsaya wurin mai gyaran wutar mota a kalli yadda ake gwada batir. Yaron shago ya ɗauko guntun waya, ya dafa bakinta ɗaya a kan wannan kai, ya goga ɗayan a wancan, tartsatsi ya tashi fat, ya ce, “Oga, da wuta.” Fuskarsa ba ta fi taƙi biyu daga murfin ba. Wani kuma da dare zai buɗe murfi ya kyasta ashana ya leƙa ya ga ko ruwa ya yi ƙasa. Wani ya fizge maƙalin caja alhali cajar tana kunne. Sau ɗari a yi haka a kwana lafiya, shi ya sa ba a dainawa. Ranar da ta kama, gida ba ya rushewa, amma murfin batirin ne ke tarwatsewa, ɓaraguzan roba da ruwan asid su nufi abin da ya fi kusa, wato ido.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. A kashe caja daga soket kafin a taɓa maƙali. A leƙa ruwa da tocila. A gwada batir da mita, wadda yanzu kusan kowane mai gyara yana da ita. In za a tayar da mota da batirin wata, maƙalin ƙarshe a kama shi a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batirinta, domin a maƙalin ƙarshe tartsatsi ke tashi. Sigari da kyandir da kaskon turare da maganin sauro na kunnawa, duk ba wurinsu ba ne kusa da batir.

In asid ya riga ya shiga ido ko ya zuba a fata, ruwa ne magani, mai yawa, ana kwarara ba tsayawa na aƙalla minti 15 zuwa 20, ana buɗe fatar idon da yatsa. Ba manja, ba man goge haƙori, ba ɗanyen ƙwai, ba ruwan kanwa. Bayan wankin sai asibiti, ko da zafin ya lafa: babban asibitin Sabon Birni ko na Isa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Amma wankin nan na farko, wanda ake yi da buta tun a bakin shago, shi ya fi komai tasiri kan ko idon zai tsira.

Batirin da ake kira busasshe, wanda ba a ƙara masa ruwa, ana cewa shi ba ya fitar da iska. Yana fitarwa, sai dai kaɗan, kuma yana da ɗan bawul da ke buɗewa in caji ya yi masa yawa. Wanda ya kumbura ciki ya riga ya sha wannan wahalar. Na litiyom da ke shigowa yanzu ba ya raba ruwa a aikinsa na yau da kullum. Nasa haɗarin daban ne: zafi, ko huda, ko cajar da ba tasa ba.

Akwai mai cewa ya taɓa jin batir na warin ruɓaɓɓen ƙwai, don haka ƙarya ne a ce haidurojin ba ta da wari. Warin gaskiya ne, amma na wata iska ce, haɗin haidurojin da farar wuta, wadda batirin da ya yi zafi ƙwarai ko ya lalace kan fitar. Haidurojin zalla ba guba ba ce. Mai warin nan kuwa guba ce mai kisa, kuma tana cikin iskokin da ke kayar da masu yasar masai da tsohuwar rijiya, inda na biyu ya shiga ceton na farko shi ma ya faɗi. Wanda ya ji wannan wari daga batir, ya yanke cajin daga nesa, ya buɗe ko'ina, ya fita. Iyalan da ake wayar gari a tarar sun rasu da janareto a kunne cikin gida kuwa, ba haidurojin ba ce, hayaƙin injin ne.

Sai balan-balan ɗin Sallah da na biki, mai tashi sama in an sake shi. Wanda aka hura da baki ƙasa yake faɗowa. Mai tashi dole an cika shi da iska mara nauyi, kuma biyu ce ake amfani da su: hiliyom, wadda ba ta cin wuta sam, da haidurojin. Hiliyom tsada gare ta, daga waje ake shigo da ita. Haidurojin kuwa ana iya samar da ita a cikin tukunyar ƙarfe da sodar sabulu da tarkacen alminiyom, kuma a ƙasashe da dama haka masu tallan balan-balan ke yi. Haɗin yana zafi sosai, tukunyar tana cika da matsi, kuma a Indiya an sha samun irin waɗannan tukwane sun fashe a wurin taro sun kashe mutane. Ido ba ya bambanta balan-balan ɗin hiliyom da na haidurojin. Masu cewa a shaƙa, in murya ta sirance to hiliyom ce, sun yi kuskure sau biyu: duka biyun suna sirantar da murya, kuma shaƙar kowace na iya sumar da yaro saboda ta kore oksijin daga huhunsa. Alamar da ta rage ita ce farashi. Mai tashi sama da ake sayarwa da arha, a ɗauka na haidurojin ne.

Guda ɗaya in ya kama, ƙara ce da walƙiyar wuta da narkakkiyar roba, ya isa ƙona gashi da fuska. Tarinsu ne bala'i. A watan Mayun 2012, a wani gangamin siyasa a Yereban, babban birnin Armeniya, ɗaurin balan-balan ya kama a tsakiyar jama'a, sama da mutum 140 suka ƙone. A tuna da haka idan an ga an ɗaure guda talatin a bakin rumfar biki, mai tsire na gefe.

Hoton da ya fi sa wa duniya tsoron wannan iska shi ne na Hindenburg, jirgin Jamus mai kama da ƙaton balan-balan, wanda ya kama da wuta yana sauka a Lakehurst ta Amurka ranar 6 ga Mayun 1937. An cika shi da haidurojin ne saboda Amurka, wadda ke riƙe da hiliyom a lokacin, ba ta sayarwa waje. Ana yawan cewa ba wanda ya fita. Mutum 97 ne a ciki, 35 suka mutu, da wani guda a ƙasa, 62 suka tsira. Jan harshen wutar da aka gani har da na yadin jirgin da sauran kayansa. Ita haidurojin zalla harshenta shuɗi ne mai dishi-dishi, da rana kusan ba a ganinsa. Ma'aikatan hukumar sararin samaniya ta Amurka sun taɓa riƙa tafiya da tsintsiya a miƙe a gabansu idan suna zargin yoyo, in bakin tsintsiyar ya kama sun san akwai wuta a wurin.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, bidiyon janareto da babur “mai aiki da ruwa” ya yawaita a Facebook da TikTok. Kwalba ce da ruwa da ƙarafa biyu, an jona da batir, kumfa na tashi, tiyo ya kai iskar cikin inji. Kumfar ba ƙarya ba ce, haidurojin da oksijin ne, irin na batir mai tafasa. Ƙaryar tana wurin riba. Wutar da ake kashewa wajen raba ruwa kullum ta fi wadda ake samu in an ƙona iskar, don haka ba injin da zai ciyar da kansa da ruwa. In ka ga yana tafiya, da fetur a wani wuri ko batir na ƙarewa. Kuma kwalbar tana tara iskokin biyu a haɗe, a daidai gwargwadon da ya fi fashewa. Wuta in ta biyo tiyo ta dawo, kwalbar ce ke tarwatsewa a tsakanin cinyoyin mai babur. Gas ɗin motocin CNG da gwamnati ke tallatawa ba haidurojin ba ne, gas ne na ƙarƙashin ƙasa da aka matse. Na masu walda da kabaid shi ma wata iska ce daban, mai nata haɗarin.

Magana ta ƙarshe da ake ɗauka tatsuniya, alhali ta faru, ita ce ta rijiyar da ta kama da wuta. A 1987, a ƙauyen Burakebugu da ke arewa maso yamma da Bamako a Mali, masu haƙar burtsatse sun nutsa sama da mita 100 ba su samu ruwa ba, sai wata iska da ke busowa daga ramin. Wani ma'aikaci ya leƙa da sigari a bakinsa, ramin ya tashi a fuskarsa, ya ƙone ƙwarai. Wutar ta yi makonni kafin a shawo kanta a toshe ramin, mutanen gari kuma suka ƙaurace wa wurin. Sai bayan shekaru kamfanin wani ɗan kasuwar Mali, Aliou Diallo, ya sake buɗe shi aka auna, aka tarar kusan kashi 98 cikin 100 na iskar haidurojin ce, aka kafa injin da ya ba ƙauyen wutar lantarki. Ba kowane rami mai busa iska ne irin wannan ba. Sau da yawa wata iskar ce daban, mai cin wuta ko mai shaƙe numfashi. Ko wacce ce, ba a gane ta da ashana. Mai haƙar burtsatse a fadamar Rima da ya ji rami na huci, ya kashe inji, ya janye mutane nesa da ramin, ta ɓangaren da iskar gari ke busowa, ya aika wa ƙaramar hukuma a zo da na'urar awo.